Ciwon Kabowa: Yadda Yawan Ire-iren Ƙwayar Cuta Ɗaya Ya Hana Samun Rigakafi

A shekarar 1925 ne Edmund Cowdry, wani masani daga cibiyar Rockefeller ta Amurka da ya je aiki a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Onderstepoort a Afirka ta Kudu, ya fara ganin ƙwayar da ke haddasa ciwon ruwan zuciya a jikin dabbobin da suka kamu da kuma a cikin kaskar da ke yaɗa ta. Kimanin shekara 100 ke nan da wannan ganowa, amma har yanzu babu wata allurar rigakafi mai sauƙin ajiya da sauƙin yi wadda likitan dabbobi zai saka a jakarsa ya shiga ruga da ita yana da tabbacin za ta kare garke. Cutar bushiya, wadda ta fi wannan kisa nesa ba kusa ba, an kawar da ita daga doron ƙasa a 2011, kuma babban abin da ya taimaka shi ne allura guda ɗaya tana kare saniya daga kowane irin bushiya a ko'ina yake. Ciwon ruwan zuciya, wanda makiyaya a arewacin Najeriya ke kira kabowa, ya ƙi bin wannan hanya, domin ƙwayarsa suna ɗaya take amsawa amma ire-irenta suna da yawa, kuma dabbar da ta sha da ƙyar daga wani iri tana iya faɗuwa idan ta haɗu da wani.

Ƙwayar bakteriya ce da masana ke kira Ehrlichia ruminantium. Cowdry ya sa mata suna Rickettsia ruminantium, a 1947 aka mayar da ita Cowdria ruminantium don girmama shi, sannan a 2001, bayan an kwatanta ƙwayoyin gadonta da na danginta, aka ba ta sunan da take da shi a yau. Ba ta iya rayuwa ita kaɗai a waje. Dole sai ta shiga cikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin bangon jijiyoyin jini, inda take hayayyafa a dunƙule, kuma wannan ne ke sa jijiyoyin su riƙa tsatsar ruwa. Saniyar da ta kamu takan fara da zazzaɓi mai zafi da ke haura digiri 41, ta daina kiwo, numfashinta ya yi nauyi, sannan alamun taɓuwar ƙwaƙwalwa su biyo baya: tana ɗaga ƙafa sama fiye da kima idan tana tafiya, tana tauna ba komai a bakinta, tana ƙifta ido, tana zagaye, daga bisani ta faɗi a gefe ɗaya tana shure-shure har rai ya yi halinsa. Idan aka feɗe ta, sai a tarar da ruwa mai launin rawaya-rawaya ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya da cikin ƙirji, huhu ya kumbura, maƙogwaro cike da kumfa. Tabbatarwar da likitoci suka daɗe suna dogaro da ita ita ce a ɗebi ɗan guntun ƙwaƙwalwa, a murƙushe shi tsakanin gilasai biyu, a shafa masa rinin Giemsa, a duba a madubin likita, inda za a ga ƙwayoyin sun taru curi-curi, launin shunayya, a cikin siraran jijiyoyin jini.

Kaskar da ke yaɗa ta a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da ta Gabas ita ce Amblyomma variegatum, babbar kaskar nan mai dogon baki wadda namijinta ke da zanen launuka a baya, wadda kowane makiyayi ya sani saboda yadda take ɓata hantsar saniya da kuma alaƙarta da ciwon kirci. A kudancin Afirka 'yar'uwarta Amblyomma hebraeum ce ke wannan aiki, kuma tun 1900 Charles Lounsbury ya tabbatar da hakan. Abin lura a rayuwar wannan kaska shi ne sau uku take shan jini, a jikin dabbobi uku daban-daban. Tana 'yar mitsitsiya mai ƙafa shida takan hau dabba ta sha ta faɗo ƙasa ta yi saɓa, ta sake hawa wata dabbar a matsakaicin girma, ta sake faɗowa, sannan ta hau ta uku a matsayin babba. Ƙwayar cutar da ta ɗauka a shan farko tana nan a cikinta har zuwa na biyu da na uku. Ma'ana, kaska ɗaya tana iya ɗaukar wani irin ƙwayar daga jikin akuya, ta ƙara wani daga jikin maraƙi, sannan ta juye su duka biyun a jikin saniya da damina, lokacin da manyan kaska suka fi yawa. Duk bayanin da zai zo a gaba kan cakuɗuwar ire-iren ƙwayar daga nan ya samo tushe.

Mai karatu zai iya tambaya, idan kaskar tana ko'ina a yankinmu, me ya sa Bunaji da Rahaji da Bokoloji ba su ƙare ba. Dalilai biyu ne suka haɗu. Na farko, shanun gida sun fi na waje jure cutar, saboda sun daɗe suna zaune da ita. Na biyu, maraƙi yana da wata juriya ta halitta a makonni 3 zuwa 4 na farkon rayuwarsa, ko uwarsa tana da garkuwa ko ba ta da ita, don haka idan ya kamu a wannan tsakani yakan warke ba tare da an lura ba, kuma cizon kaska na yau da kullum yana ci gaba da sabunta masa garkuwar. Dabbar da ta warke takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar a jininta watanni da yawa, kaska tana sha tana kai wa wasu. A irin wannan yanayi cutar tana ko'ina amma mutuwa kaɗan ce. Waɗanda ke shan wahala su ne shanun madara na Turai irin su Firisiyan da Jasi da 'ya'yan da aka samu ta haɗa su da na gida, sai tumaki da awaki, musamman waɗanda aka ɗauko daga busassun wuraren da kaskar ba ta da yawa aka kai su inda take da yawa.

Tsawon shekaru masana sun ɗauka cewa garkuwar kabowa guda ɗaya ce, kuma suna da hujja. A shekarun 1970 an yi aiki mai yawa kan cutar a tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda Albert Ilemobade da abokan aikinsa suka nazarci yadda take yaɗuwa a arewacin Najeriya. A farkon shekarun 1980, a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, aka gwada wani iri da aka samo daga Najeriya da irin Ball 3 na Afirka ta Kudu a jikin awaki, aka ga duk akuyar da ta warke daga ɗaya ba ta kamuwa da ɗayan. Ƙasashe biyu masu nisan dubban kilomita, kaska jinsi biyu daban, amma garkuwa ɗaya. Wannan sakamako gaskiya ne, sai dai abin da aka gina a kansa ne bai tsaya ba. Kafin ƙarshen shekarun 1980, da aka sami ƙarin ire-ire daga Senegal da Zambiya da sassa daban-daban na Afirka ta Kudu, sai aka fara ganin awaki da tumakin da suka warke daga wani iri suna kamuwa da ciwo mai tsanani, wasu har su mutu, idan aka yi musu allurar wani. Abin da ya fi rikitarwa shi ne kariyar ba ta tafiya daidai ta ɓangarori biyu. A gwaje-gwajen Afirka ta Kudu, tunkiyar da ta tsira daga irin Welgevonden takan jure ire-ire da dama har da Ball 3, amma wadda ta tsira daga Ball 3 ba ta da cikakkiyar kariya daga Welgevonden. Ire-iren sun kuma bambanta a ƙarfin kisa: Welgevonden yana kashe ɓerayen ɗakin gwaji, Ball 3 ba kasafai yake yi musu illa ba, irin Kümm kuwa yana kashe ɓera da tunkiya amma ba ya yi wa saniya wani mugun lahani.

Hanya ɗaya tilo ta sanin ko iri kaza yana kare dabba daga iri kaza ita ce a sa wa dabbobi na farkon, a yi musu magani su warke, a jira, a sa musu na biyun, a ƙirga waɗanda suka rayu. Aiki ne mai cin kuɗi da lokaci da rayukan dabbobi, kuma ba zai yiwu a yi shi ga kowane irin da aka samu a daji ba. Shi ya sa da aka yi nasarar renon ƙwayar a ɗakin gwaje-gwaje a 1985, a Onderstepoort, aka kuma sami damar karanta ƙwayoyin gadonta, fatan kowa shi ne a samo wata alama a cikin DNA da za ta faɗi wane iri ne ke kare dabba daga wane, ba tare da an kashe tunkiya ko ɗaya ba.

Alamar da ido ya fara kaiwa gare ta ita ce ƙwayar gadon da ake kira map1, wadda ke samar da furotin mafi yawa a fatar bakteriyar, wanda kuma jinin dabbar da ta kamu ya fi mayar wa martani. Ta cika sharaɗin bambanta, domin tsarinta yana sauyawa sosai daga wannan iri zuwa wancan, musamman a wasu gurabu uku, kuma an gano cewa ɗaya ce daga cikin dangin ƙwayoyin gado 16 masu kama da juna da ke jere a wuri ɗaya. An kuma ga cewa bakteriyar ta fi amfani da map1 idan tana jikin dabba, amma idan tana cikin ƙwayoyin jikin kaska sai ta karkata ga wata 'yar'uwarta mai suna map1-1. To amma da aka jera ire-iren duniya bisa kamannin map1, sai jerin ya ƙi dacewa da komai. Bai bi taswira ba, domin za ka ga irin Afirka ta Yamma ya zauna kusa da na kudancin Afirka, yayin da biyu daga ƙauye ɗaya suka yi hannun riga. Bai kuma bi sakamakon gwajin garkuwa ba, domin ire-ire biyu masu map1 kusan iri ɗaya suna iya kasa kare dabba daga juna. Abin ya zama kamar wanda ke son gane dangin mutane a kasuwa ta hanyar duba rigunan da suka sa: zai rarrabe su kashi-kashi, amma rabon ba zai gaya masa wane ne ɗan wane ba.

Dalilin wannan yana cikin yadda jikin dabba ke yaƙar cutar. Tunda bakteriyar a ɓoye take a cikin ƙwayoyin jiki, sinadaran kariya da ke yawo a cikin jini ba su ne ke ceton dabba ba. An gwada ɗebo ruwan jinin dabbar da ta warke a sa wa wadda ba ta taɓa kamuwa ba, bai kare ta ba. Aikin yana hannun wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin T, da sinadarin intaferon-gama da suke fitarwa, kuma su abin da suke ganewa ƙananan gutsattsarin furotin ne da ka iya fitowa daga kowane sashe na bakteriyar. Furotin ɗin da ya fi fitowa fili a gwajin jini ba lallai ne shi ne wanda kariya ta rataya a kansa ba. A ganina wannan shi ne ginshiƙin matsalar, kuma shi ne abin da rahotanni masu yawa da ke ƙirga adadin ire-iren map1 a jiha kaza ko lardi kaza ke tsallakewa. Ƙirgar tana nuna cewa akwai bambanci, amma ba ta auna bambancin da ke kashe dabba.

A 2005 masana a Afirka ta Kudu suka wallafa cikakken kundin gadon irin Welgevonden. Ƙarami ne, harufan DNA kimanin miliyan 1.5, da ƙwayoyin gado 888 masu samar da furotin, kamar yadda aka saba gani ga bakteriyar da ke rayuwa a cikin ƙwayoyin wata halitta. Abin da ya ba da mamaki shi ne yawan maimaici, wato guntayen DNA da aka jera su sau da yawa a bayan juna, waɗanda suka kai sama da kashi 8 cikin 100 na kundin, kuma adadin maimaicin a wasu wuraren yana ƙaruwa ko raguwa yayin da bakteriyar ke hayayyafa. Shekara guda bayan haka masanan cibiyar CIRAD ta Faransa suka kwatanta kundin Welgevonden da na irin Gardel na tsibirin Gwadalup da ke yankin Karebiyan, suka kuma haɗa da wani kwafin Welgevonden ɗin da aka daɗe ana reno a ɗakin gwajinsu. Kwafi biyun nan, waɗanda asalinsu ɗaya ne, sun bambanta a tsawo da harufa sama da 3,000. Idan iri ɗaya zai sauya haka a cikin kwalba, inda babu kaska kuma babu garkuwar dabba da ke matsa masa, ana iya hasashen abin da ke faruwa a makiyaya.

Sai dai maimaici ba shi ne babban tushen bambancin ba. Babban tushen shi ne musayar guntayen DNA tsakanin ire-ire biyu da suka haɗu a wuri ɗaya. An daɗe ana ɗauka cewa bakteriyar da ke kulle a cikin ƙwayoyin jiki ba ta da damar yin wannan musaya, amma da aka karanta ƙwayoyin gadon da ke gudanar da ayyukan yau da kullum na bakteriyar, waɗanda ba sa saurin sauyawa, sai aka tarar da ire-iren da rabinsu ya yi kama da wani dangi, ɗaya rabin kuma ya yi kama da wani. Wani bincike da aka wallafa a 2016, wanda ya duba irin waɗannan ƙwayoyin gado guda 5 a samfura kusan 200 daga Afirka da tsibiran tekun Indiya da yankin Karebiyan, ya raba su gida biyu. Gida na farko na Afirka ta Yamma ne. Gida na biyu ya bazu ko'ina, kudanci da gabashin Afirka da tsibirai, har da Afirka ta Yamma ɗin kanta. Tsakaninsu kuma akwai ruwa-biyu masu ɗauke da gadon gidajen biyu. Wannan yana nufin yankinmu ne wurin da manyan zuriyoyin biyu ke zaune tare, kuma nan ne suka fi samun damar cuɗanya. Masana da dama sun fi karkata ga cewa a cikin hanjin kaska musayar ke faruwa, inda ire-iren da aka sha daga dabbobi daban-daban ke zama tare na tsawon watanni. Kamuwa da iri fiye da ɗaya a lokaci guda kuwa ba baƙon abu ba ne ko a jikin dabba. Irin Kümm, wanda aka yi shekaru kusan 30 ana aiki da shi a matsayin abu ɗaya, daga baya an gano ire-ire biyu ne a cakuɗe.

Labarin Karebiyan ya ƙara fito da wannan fili. Kaskar ta isa can ne tare da shanun da aka yi jigilarsu a jiragen ruwa daga Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallakar Faransa, shi ya sa har gobe mutanen Gwadalup ke danganta ta da Senegal, amma sai a 1980 aka tabbatar da cutar a tsibirin, daga baya kuma a tsibiran Marigalan da Antigwa. Wanda ya san cewa ƙananan tsibirai ne da teku ta kewaye zai zaci iri ɗaya ko biyu za a samu. Da aka bincika sai aka tarar da ire-ire da dama, wasu suna kama da na Afirka ta Yamma, wasu da na kudancin Afirka. Belbela, wadda ta yaɗu a tsibiran tun daga tsakiyar ƙarni na 20, tana ɗaukar ƙananan kaska a jikinta daga wannan tsibiri zuwa wancan, kuma wannan na cikin abin da ya sa hukumomin Amurka ke sa ido kan cutar, tunda an nuna a gwaji cewa wata kaskar Amblyomma ta ƙasarsu tana iya yaɗa ta.

Rigakafin da aka daɗe ana sayarwa, wanda ake yi a Onderstepoort, jinin tunkiya ne mai ɗauke da rayayyar ƙwayar Ball 3. Ana ajiye shi a daskare cikin tsananin sanyi, a narkar da shi a wurin aiki, a yi allurarsa cikin jijiya ba da ɓata lokaci ba, sannan a riƙa auna zafin jikin kowace dabba kullum, da zarar zazzaɓi ya tashi a yi mata allurar oksitetirasaikilin, maganin da ke warkar da cutar. A zahiri sa wa dabba cutar ake yi da gangan sannan a yi mata magani. An zaɓi Ball 3 ne saboda yana ba da zazzaɓi kwanaki kafin munanan alamu su bayyana, abin da ke ba mai dabba damar yin magani a kan lokaci, alhali Welgevonden mai faɗin kariya yana iya kashewa kafin a ankara. Ke nan tun daga tushe an sayar da faɗin kariya an sayi aminci. Ko ba batun ire-ire, rigakafin da ke buƙatar ruwan naitirojin na daskararwa da allurar jijiya da ma'aunin zafi kowace safiya ba na garken da ke tafiya mashekari ba ne.

Gwajin da ya fi kusa da mu, kuma ya fi koyar da darasi, shi ne wanda aka yi a Burkina Faso tare da cibiyar CIRDES ta Bobo-Diyulaso, aka wallafa a 2010. Da farko an gwada ire-iren waje biyu a kan na gida. Tumakin da aka gina wa garkuwa da Gardel, kashi 59 cikin 100 sun rayu, a inda kashi 13 kawai na waɗanda ba a yi wa komai ba suka rayu. Welgevonden kuwa, wanda ya yi suna a Afirka ta Kudu, kashi 45 ya tsirar idan aka kwatanta da 25, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba. Daga nan aka yi rigakafi da matacciyar ƙwayar Gardel aka saki tumakin a makiyaya kaska ta cije su. A shekarar farko kashi 65 na waɗanda aka yi wa allura suka rayu, kashi 49 na waɗanda ba a yi wa ba. A shekara ta biyu aka haɗa Gardel da wani iri na gida, sai alƙaluman suka koma 72 da 47. A ƙwaƙwalen tumakin da suka mutu an sami nau'in map1 har 11, kuma waɗanda suka fi yawa suna sauyawa daga ƙauye zuwa ƙauye, daga shekara zuwa shekara. A Gambiya, a wani aikin da aka wallafa a 2007, matacciyar ƙwayar Gardel ta kare kashi 43 na tumaki daga irin gida na Kerr Seringe, yayin da irin Senegal da aka raunana ta hanyar daɗewar reno a ɗakin gwaji ya kare dukkansu. Da aka fita da su fili, raunannen irin Senegal ya tsirar da kashi 75, alhali duk tumakin da ba a yi wa allura ba sun mutu.

Akwai abin da ya kamata a yi hattara da shi wajen karanta waɗannan alƙaluma. Ba kowace gazawar rigakafi ce za a ɗora wa bambancin ire-ire ba. A Afirka ta Kudu an haɗa wani rigakafi na DNA da ya kare tumaki sarai idan da sirinji aka sa musu cutar, amma ya kasa idan kaska ce ta cije su. Yawun kaska yana ɗauke da sinadaran da ke danne garkuwar jiki a wurin cizo, kuma ƙwayar da ta fito daga kaska ba a yanayi ɗaya take da wadda aka ɗebo daga kwalba ba. Haka nan matacciyar ƙwaya ba ta tayar da ƙwayoyin T kamar yadda rayayya ke yi, ko da irin ya dace. Abin da za a iya cewa da ƙarfin gwiwa shi ne, a duk inda aka gwada, kusancin irin da ke cikin allura da waɗanda ke yawo a wurin yana ƙara yawan dabbobin da ke rayuwa, kuma sunan da wani iri ya yi a wata ƙasa ba ya bin sa zuwa wata. Shawarar da ake yawan bayarwa ta a haɗa ire-ire da yawa a allura ɗaya tana da ma'ana, amma tana da iyaka, domin ba a san guda nawa za su isa ba, kuma cakuɗar da ta dace da bana ba lallai ta dace da baɗi ba.

Bambancin ya shafi gano cutar ma, ko da yake a nan an fi samun sauƙi. Gwajin PCR, wato na gano DNA ɗin ƙwayar, wanda aka fi amfani da shi, yana neman wani gurbin DNA mai suna pCS20, wanda ba ya sauyawa sosai, don haka yana kama mafi yawan ire-ire. Gwajin jini kuwa yana da rauni biyu: yana iya rikita wannan bakteriya da wasu danginta da ba sa haddasa kabowa, kuma shanun da ke ɗauke da ƙwayar sukan daina nuna alamarta a jini bayan 'yan watanni, ta yadda binciken da ya dogara da shi kaɗai zai nuna cutar ba ta da yawa a garken da kusan kowace saniya ta taɓa kamuwa.

Ga Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi, batun ya wuce ɗakin gwaje-gwaje. Garken da ya gangara kudu da rani ya dawo da damina yana ratsa wuraren da ire-irensu suka bambanta, kuma yana dawowa da kaska da ƙwayoyin da ya kwaso, haka ma dabbobin da ake lodawa a manyan motoci daga kasuwannin kan iyaka. Ga shanun gida da suka taso cikin cizon kaska, wannan yawo mai yiwuwa faɗaɗa musu garkuwa yake yi. Haɗarin yana kan sabon tsarin da ake ƙarfafawa na kiwon madara da shanun da aka haɗa da Firisiyan, irin aikin da aka daɗe ana yi a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, wanda kuma ya sami ƙarin kulawa tun da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a 2024. Irin waɗannan shanu ana tsare su daga kaska da feshi tun suna maruƙa, su girma ba su taɓa haɗuwa da ko iri ɗaya ba, ranar da feshin ya yanke kuwa kaska kaɗan sun isa. Shigowar kaskar Rhipicephalus microplus, wadda aka fara ganinta a Afirka ta Yamma a ƙasar Kodebuwa a 2007 kuma ta bazu zuwa Benin da Burkina Faso da Najeriya, ta ƙara dagula lissafin. Ita ba ta yaɗa kabowa, amma tana jure magunguna da yawa, tana tilasta wa makiyaya yawaita feshi, kuma feshin da ya yi yawa yana iya hana maruƙan gida haɗuwa da kabowa a makonnin da jikinsu ke iya jure ta.

Saboda haka abin da ya fi dacewa da garken gida shi ne rage kaska, ba ƙoƙarin shafe ta ba. Binciken Frédéric Stachurski a Kamaru da Burkina Faso ya nuna cewa manyan kaskar Amblyomma variegatum sukan fara maƙalewa ne a tsakanin kofato lokacin da saniya ke kiwo, sai ta kwanta da dare su hau zuwa hantsa da ƙirji. Daga nan aka fito da dabarar ɗan kwamin wankin ƙafa mai ruwan magani da shanu ke ratsawa da yamma idan sun dawo daga kiwo a farkon damina, wadda ke kashe mafi yawan manyan kaskar da ɗan magani kaɗan.

Aikin da ya rage wa cibiyoyi irin su cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta NVRI da ke Vom da tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri ya fi ƙirga nau'in map1 wahala. Ana buƙatar a ware rayayyun ire-iren gida daga dabbobin da suka kamu, a rene su, a adana su a daskare, a karanta cikakken kundin gadonsu, sannan a gwada su da juna da kuma raunannun ire-iren Senegal da Welgevonden a jikin tumaki da shanu, a ƙarƙashin cizon kaska na gaske, a wurare fiye da ɗaya kuma fiye da damina ɗaya. Matakin farko ma yana da nasa ƙalubalen, domin ƙwayar tana mutuwa cikin sa'o'i idan jini ya bar jikin dabba a yanayin zafi, don haka dole ne a ɗebi jinin tun dabbar tana cikin zazzaɓi, kafin a yi mata allurar oksitetirasaikilin, a kuma daskarar da shi ko a sa wa wata dabbar gwaji a ranar.